Ƙanina kar ka jingine takalminka saboda cin gida ɗaya

Ƙanina wallahi sai da na karanta tambayarka sau biyu saboda ji na yi kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka ci gida a wasan kusa da na ƙarshe, koci ya ajiye ka a benci sati uku ko kallonka baya yi, yara na binka da sunan mai cin gida a unguwa, shin ka haƙura da ƙwallon ne ko ka koma buga tsakiya. To bari in gaya maka nawa.

Ni ma lamba biyar na buga, wato ɗan baya. Nawa a wasan ƙarshe ne, saura kamar minti huɗu a tashi babu ci, aka bugo kwana, na tashi zan fitar da ita da ka, gola ya fito bai yi magana ba bai ce nawa ba, ƙwallon ta goge ni a ƙeya ta faɗa raga. Har yau in na rufe ido ina jin yadda filin ya yi tsit kafin 'yan ɗaya ɓangaren su ɓarke da ihu. Amma ba wannan ne ya fi ci min rai ba, kocinmu ne. Mutumin da na yi wa wasa shekara uku, na buga masa da targaɗe a ƙafa an ɗaure min da bandeji, shi ne ya tsaya gaban kowa ya ce ko kuɗi na karɓa. Kuɗi fa ƙanina! Ni da ko na mota wani lokacin da aljihuna nake biya in je tirenin. Bai kira gola ya tambaye shi me ya hana shi magana ba, bai tambayi wanda ya bar ɗan wasansu ya samu kwanar ba, ni kaɗai ya gani. Kwana biyu ban fita ko ƙofar gida ba, mahaifiyata ta zaci zazzaɓi ne. Na yafe masa don Allah amma maganar nan bata bar zuciyata ba, kuma da ita na daina ƙwallo, abin da nake nadama kenan har yanzu.

Shi ya sa nake so ka dubi Joseph Yobo, tsohon ɗan bayan Najeriya. Daga Standard Liège ta Beljiyam ya fara, ya wuce Marseille, a 2002 koci David Moyes ya kawo shi Everton, shi ne ma ɗan wasa na farko da Moyes ya ɗauko. A kakar 2006/07 babu minti ɗaya na Firimiya da bai buga ba, ka san me hakan ke nufi ga ɗan baya, ba jan kati ba rauni ba benci. Ya je Fenerbahçe ya ci lig ɗin Turkiyya a 2011. Kofin duniya uku, 2002 da 2010 da 2014, kuma shi ya yi wa Aghahowa kuros ɗin da ya ci Suwidin da ka a 2002. To wannan mutumin a wasansa na 100 wa Najeriya, ranar 30 ga Yuni 2014 da Faransa, bayan Pogba ya ci ta farko, ana dab da tashi Valbuena ya shimfiɗo ƙwallo gaban raga Griezmann na manne da Yobo, ta bugi Yobo ta shige. Cin gida a gaban duk duniya, kuma daga nan ya yi ritaya daga buga wa ƙasa. A gidan kallo ranar ana ta zaginsa ni ko hawaye ne ya cika min ido, don na san da bai kai ƙafa ba Griezmann zai tura ta, sannan a ce ina ɗan baya yake.

Maganar benci kuma, ka tuna gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu. Yobo yana kyaftin amma koci Keshi ya koma amfani da Omeruo da Oboabona, Yobo ya zauna a benci, a wasan ƙarshe da Burkina Faso sai can ƙarshe aka saka shi don a tsare ƙwallon da Sunday Mba ya ci, kuma shi ya ɗaga kofin. Da ya yi fushi ya tattara kayansa fa?

Don haka kar ka koma tsakiya, wanda ya gudu daga baya saboda tsoro a tsakiyar ma tsoron zai bishi. Ka riƙa zuwa tirenin kafin kowa ko da ba za a saka ka ba. Ka samu golanku ku biyu ku yi magana, in zai fito ya ɗaga murya, in bai yi magana ba kai ka fitar, kuma in ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa kana fuskantar ragarku kar ka yi wani tunanin gwaninta, ka watsa ta kwana kawai. Yaran unguwa kar ka kula su, in ka nuna yana maka zafi sunan zai bika har tsufa, nawa sai da ya shekara.

Kocin kuma ka same shi shi kaɗai ba a gaban yara ba, ka gaishe shi da ladabi ka ce koci me zan gyara. Ni girman kai da ɓacin rai suka hana ni yin haka, na zauna ina jira ya zo ya bani haƙuri, bai zo ba. In ya ci gaba da wulaƙanta ka bayan wannan to ka nemi wata ƙungiyar, amma ka bari sai an gama gasar kar a ce gudu ka yi. Kuma don Allah ka riƙa cin abinci kana barci, na san a irin kwanakin nan ko ruwa baya wucewa. In kun yi magana da shi ka dawo nan ka faɗa mana abin da ya ce.