Amsa ga mai tambaya kan Amurkawan da ba sa son yaƙi

Malam, ka tambaya ko akwai 'yan siyasar Amurka da ke adawa da yaƙe-yaƙen da ƙasarsu ke kaiwa waje, sannan ko Ron Paul, tsohon ɗan Majalisar Wakilan Amurka da ka ga bidiyonsa, masoyin Musulmi ne. Na farko, akwai su. Na biyun kuwa ka bi a hankali, don ni ma na taɓa yi masa wannan fassarar.

Na zauna a Houston daga 2006 zuwa 2013, da rana karatu, da dare aiki a wani gidan mai. Abokin aikina Bature ne, tsohon soja da ya je Iraƙi sau biyu. Kunnensa na hagu ya mutu, idan za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. A bayan akori-kurarsa ya manna sunan Ron Paul, wanda mazaɓarsa ke kudu da mu kaɗan. A bakinsa na fara jin kalmar libatariyan. Aƙidarsu a taƙaice: gwamnati ta tsuke hannunta, ta rage haraji, ta bar mutum da dukiyarsa da rayuwarsa. Yaƙi kuwa a wurinsu shi ne babbar ƙofar da gwamnati ke bi ta yi ƙiba. Da sunan tsaro ake cin bashi, a buga kuɗi, a saurari wayar mutane, kuma idan an gama yaƙin ba a mayar da ikon da aka karɓa.

Wani dare na ce masa na ji daɗi yana tausayin 'yan Iraƙi. Ya ajiye kofin gahawarsa ya ce tausayi daban, amma shi abin da ke ci masa rai, wa ya ba wani mutum a Washington izinin ɗaukar harajinsa da kunnensa ya kai Bagadaza? Ka ga inda muka sha bamban. Ni ina kallon wanda bam ya faɗa wa, shi yana kallon wanda ya sa hannu a takarda.

Shi Ron Paul likitan mata ne kafin siyasa. A Oktoban 2002 yana cikin 'yan Rifablikan shida kacal a Majalisar Wakilai da suka ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi. Bidiyon da ka gani ina jin na muhawarar masu neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Rifablikan ta Mayun 2007 ne, inda ya ce hare-haren da ake kai wa Amurka ƙaiƙayi ne ke komawa kan masheƙiya. Ya kawo misalin yadda hukumar leƙen asirinsu ta CIA ta taimaka aka kifar da Firaminista Mosaddegh a Iran a 1953, abin ya dawo musu a 1979 da aka yi garkuwa da Amurkawa a can, ya kuma tambaya yaya za su ji idan Sin ce ke yin haka a ƙasarsu. Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York, ya taso masa ya ce ya janye maganar, ɗakin ya ɗauki tafi, shi kuwa ya ƙi janyewa. A Janairun 2012 ma ihu aka yi masa da ya ce kada su yi wa wasu abin da ba sa so a yi musu. Amma don adalci: a 2001 shi ma ya ɗaga hannu aka ba Bush izinin farautar waɗanda suka kai harin 11 ga Satumba. Barbara Lee ce kaɗai ta ƙi a majalisar, ita kuwa ba libatariyan ba ce.

Abin da ya sa nake girmama su shi ne ba sa sauya baki idan mulki ya sauya hannu. Da yawa cikin masu zanga-zanga lokacin Bush sun yi tsit da Obama ya shiga Libiya a 2011. Ron Paul kuwa yana cikin 'yan majalisa goma da suka kai ƙara kotu, cewa tsarin mulki majalisa ya ba ikon ayyana yaƙi, ba shugaba ba. An kori ƙarar. Abin da ya biyo bayan faɗuwar Gaddafi ba sai na ba ka labari ba, makaman da suka kwararo Mali da Nijar kowa ya gani. Ƙanin mahaifiyata tela ne a Sabha ta Libiya shekara goma sha ɗaya, ya dawo ta Agadas a bayan babbar mota, ko kan kekensa bai tsira da shi ba.

To amma hannun da ba ya son aiko maka soja, ba ya son aiko maka tallafi. Ron Paul ya sha cewa tallafin ƙasashen waje kuɗin talakawan ƙasa mai arziki ne ake miƙa wa attajiran ƙasa matalauciya. Akwai ƙamshin gaskiya, mun san inda wasu kuɗin ke maƙalewa, sai dai maganin ƙanjamau da gidan sauro ma ta wannan hanyar suke zuwa. Na taɓa tsare abokin nawa da kisan kiyashin Ruwanda na 1994, na ce da an shiga da wuri ai da an ceci rayuka. Ya yi shiru, can ya ce duk mai so ya je da kuɗinsa da ƙafarsa, amma kada a tilasta wa ɗan wani. Har yau amsar ba ta kwanta mini ba.

Kuma kada ka ɗauka suna da ƙarfi. Bayan an kashe sojojin Amurka huɗu a ƙauyen Tongo Tongo na Nijar a Oktoban 2017, Sanata Lindsey Graham da kansa ya ce bai san suna da sojoji kusan dubu a Nijar ba. A Oktoban 2023 Rand Paul, ɗan Ron, sanata daga Kentucky, ya kawo ƙudurin a kwashe su. Sanatoci 11 suka bi shi, 86 suka ƙi. Sojojin sun bar sansanin Agadas a 2024, amma gwamnatin soja ta Yamai ce ta ce su tattara, ba majalisarsu ba.