Yaya saƙon rediyo daga Damagaram zai kai Yamai ta intanet?

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Damagaram, ina koyon rediyon 'yan sha'awa. Na ji wai saƙon rubutu da aka tura ta rediyo yana iya bi ta intanet ya fito a wata rediyo a Yamai. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, ɗana. Rediyon VHF mai zangon mita 2 yana tura bit 1200 a daƙiƙa, muryarsa kuwa ba ta wuce garuruwan kusa, balle Yamai mai nisan kusan kilomita 900. Ana yanka saƙon ƙunshi-ƙunshi bisa ƙa'idar AX.25, kowane ƙunshi ɗauke da lambar kiran mai aikawa da ta mai karɓa. Namu na Nijar da 5U suke farawa. Kwamfuta sai ta sa ƙunshin yadda yake cikin ƙunshin intanet, kamar wasiƙar da ka ba direba a tasha. Can Yamai wata kwamfuta ta buɗe, rediyonta ya sake shi a iska. Sunan dabarar AXIP, Brian Kantor ya rubuta ta a 1991.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancinmu intanet ɗin layin waya muke amfani da shi, kamfani kuma kan tara mutane da yawa ƙarƙashin adireshi ɗaya, saƙon da ya taso daga waje ya rasa ƙofar shiga wurinka. AXIP ba ya jure wannan. Ɗan'uwansa AXUDP, da aka saba ba ƙofa 10093 (lambar mashigar saƙo a kwamfuta), ya fi sauƙi, amma shi ma yana son adireshin da ake iya samu daga waje, sai dai ka haɗa da ramin WireGuard, wato keɓantacciyar hanya tsakanin kwamfutoci ta cikin intanet.

Ni dai shawarata ka fara da APRS, tsarin tura gajerun saƙonni ta rediyo. Sa manhajar Direwolf a ƙaramar kwamfuta, ka haɗa ta da rediyo. Ita ce za ta kira sabar APRS-IS, mai tara saƙonnin APRS a intanet, ta ƙofa 14580, don haka layin waya ba ya hana ta.

Kafin ka danna komai, nemi lasisi a ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar. Duk abin da ya shigo ta intanet ya fita ta rediyonka, da lambarka ya fita, kai za a tambaya. Ba a ɓoye ma'anar saƙo a iska, ba a kasuwanci. Kuma ranar da rezo ya ɗauke, wannan gada ta yanke, sai ka koma rediyon HF mai cin dogon zango, mai bit 300, don ka kai Yamai.