Sana'ar cikin gida ta hana ni sakat, na bari ne ko ya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni matar aure ce da yara uku, ina ɗinki a gida ina kuma tallata kayana ta WhatsApp da Instagram, Alhamdulillahi ana samu ba laifi amma wallahi na rasa gane kaina. Kwastoma sai ta turo saƙo ƙarfe ɗayan dare wai kayanta sun kammala? in ban amsa ba da safe na tarar da ƙorafi har da su "dama haka kuke". Yara na min magana ina ta to to ido na kan waya, maigida har ya fara cewa wayar ta fi shi daraja a gidan, 'yan uwa kuma tunda suna ganina a gida sun ɗauka zaman banza nake, kowa da hidimar da zai ɗora min. Bacci ma ba na samun na kirki. Don Allah a ba ni shawara, na ajiye sana'ar ne ko ya zan yi?
Daga wata mai ɗinki.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ƙara buɗi. Kar ki ajiye sana'arki, ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce shagonki ba shi da lokacin tashi, kuma ke da kanki kika koya wa kwastomomi haka, ranar da kika fara amsa saƙon tsakar dare ranar kika sanar da su cewa a buɗe kike ko yaushe. To yanzu sai ki sake musu sabon karatu.

Ki zauna ki yanke awannin aikinki, misali daga fitar yara makaranta zuwa dawowarsu, sai wani ɗan lokaci da yamma in da hali, ki rubuta ki manna a status da bayanan shafinki. In har yanzu WhatsApp na yau da kullum kike amfani da shi ki koma WhatsApp Business, tun 2018 aka fito da shi kuma kyauta ake sauke shi, akwai wurin saka lokutan aiki, akwai saƙon da yake amsawa da kansa in an tashi, akwai katalog da za ki jera hotunan ɗinkunanki ba sai kin yi ta tura wa kowa ɗai-ɗai ba. In da hali ma ki ware layi daban na kasuwa, lokacin tashi na yi ki kashe datarsa ki ajiye wayar a wani ɗakin, ba gefen filo ba. Za a yi gunaguni a makon farko, wata ma ta yi fushi ta tafi, barta ta tafi, wadda ba ta iya jiran gari ya waye dama ba za ta taɓa barinki ki huta ba. Masu son aikin hannunki za su saba.

Kuma ki daina karɓar oda fiye da ƙarfinki don kunya. Kin san iya kayan da kike gamawa a mako, in ya cika ki ce ya cika sai mako mai zuwa, ko mai gaggawa ta ƙara kuɗin gaggawa. Yawancin raba daren nan daga alkawarin da aka yi don kar a ɓata wa wata rai yake fitowa.

Maganar bacci kuwa kar ki ɗauke ta wasa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru musu da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada su da masu yin awa 35 zuwa 40. Ke lissafa naki ki gani, ki haɗa da awannin da kike kan waya kina ciniki don shi ma aiki ne. Babba na buƙatar aƙalla awa 7 na bacci, kuma ɗinkin da aka yi da gyangyaɗi kin fi ni sanin sau nawa ake farke shi.

Maigida da yara, gaskiya suna da hujja, taura biyu ba ta taunuwa. Ki zaunar da shi cikin daɗin rai ki nuna masa jadawalin, ki ce daga ƙarfe kaza ni taku ce, amma a cikin awannin aikin nan ina neman a tallafa min, shi ma akwai abin da zai iya ɗauke miki. 'Yan uwa kuma kalma ɗaya ce, "ina kan aiki, zan kira in na tashi", ki yi ta maimaitawa ba faɗa ba dogon bayani.

TAMBAYA: Anti ni zanen talla nake a kwamfuta daga gida, aiki na shigowa amma ƙarshen wata sai na rasa ina kuɗin suka shiga, shi ya sa ko ranar hutu ba na iya ɗauka.
Daga wani ƙaninki.

AMSA: Ƙanena aljihu ɗaya ka haɗa wa kasuwa da cefanen gida, shi ya sa kullum kake jin kamar ba ka da komai. Buɗe asusu na biyu na sana'a zalla, duk abin da kwastoma ya biya can zai faɗa, sai ka yanka wa kanka albashi tsayayye duk wata kamar yadda za ka biya ma'aikaci, kuɗin data da wuta da gyaran kwamfuta su fito daga na sana'ar. Ka riƙa rubuta shiga da fita ko a littafi ne. Bayan wata uku ka duba, daga nan za ka ga ko farashinka ne ya yi ƙasa ko kashewar ce ta yi yawa, ranar hutun kuma ka zaɓi guda a mako tun yanzu ka faɗa wa masu ba ka aiki.