Gwajin hanci ba ya taɓa ƙwaƙwalwa, ki lallashi Inna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce kwana huɗu ke nan tana fama da zazzaɓi da tari, likita ya ce a yi mata gwajin hanci na gano korona, ita kuma ta ƙi saboda ta ji ana cewa tsinken har ƙwaƙwalwa yake kaiwa. An yi mini wannan gwajin, an kuma yi wa Babanmu a gabana cikin hunturun 2021.

Tsinke ne siriri mai lanƙwasuwa, da 'yar auduga a bakinsa. Za a ce ta ɗan ɗaga kai, a tura shi a kwance, a juya na 'yan daƙiƙu. Iyakarsa bayan hanci, inda ya haɗu da maƙogwaro, kuma akwai ƙashi tsakanin wurin da ƙwaƙwalwa. Da ɗan zafi kam, hawaye za su zubo, wataƙila da atishawa. Baba yana riƙe da carbinsa, bai kai ga ja goma ba aka gama.

Abin da har yau yake damuna shi ne kwana ukun da muka ɓata. Kin san Sakkwato idan ƙura ta sauko, kowa tari, kowa majina, to sai muka ce mura ce da maleriya, muka yi ta sayen magani a kemis. Mura da korona da sauran cututtukan numfashi kusan alamominsu ɗaya: zazzaɓi, tari, kaikayin maƙogwaro, ciwon kai, ciwon gaɓɓai, kasala. Da ido ba a rarrabewa. Mu abin da ya farkar da mu shi ne ranar da Hajiya ta sa turaren wuta a ɗaki, hayaƙi ya turnuƙe, Baba ya ce shi bai jin ƙamshin komai. Ko furar da yake so ya ce ba ɗanɗano. Gwaji ya nuna korona ce. Kuma duk kafson da muka ɗura masa bai yi komai ba, don irin waɗannan magungunan ba sa kashe bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo korona.

Gwajin iri biyu ne. Na gaggawa yana fitowa cikin minti 15 zuwa 30, amma yakan kuskure, musamman a farkon ciwo. Ɗayan kuma, wanda ake kira PCR, sai an kai ɗakin gwaje-gwaje, ya fi ɗaukar lokaci, ya kuma fi tabbas.

Kafin sakamako ya fito, ki sa ido ga numfashinta. Idan tana haki alhali tana zaune, ko ƙirji na ciwo, ko ta fara rikicewa, ko ta kasa shan ruwa, kada ki jira wayewar gari, ki kai ta Asibitin Ƙwararru ko UDUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, balle in tana da hawan jini ko ciwon suga. A buɗe mata taga, mai jinya ya sa takunkumi, jikoki su ɗan yi nesa da ɗakinta tukuna.