Takardar fahas ɗin mota a Jidda: inda za ka fara dubawa

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka cewa bizar aikinka ta fito, kana son ka sayi ƴar mota ta hannu da zarar ka zauna a Jidda, kuma kana tambaya ko Larabcin da ka yi a Islamiyya zai ishe ka karanta takardar duba mota. Haruffan dai za ka karanta su sarai. Amma Larabcin ƴan gareji ne, rabinsa ma kalmomin aro, sau da yawa kuma da biro aka karta shi cikin sauri.

Fahas, wato duba lafiyar mota, iri biyu ne, kar dillali ya haɗa maka su. Akwai na gwamnati, fahas dauri (الفحص الدوري), wanda sabuwar motar gida ke fara yi bayan shekara 3, daga nan kuma duk shekara. Shi birki, fitilu, tayoyi, hayaƙi da makamantansu yake dubawa, ya ce ko motar ta cancanci hawa titi. Ba ruwansa da ko an taɓa sauke injin. Wanda zai tsare maka kuɗinka shi ne fahas shamil, wanda kai mai saye za ka biya a wurin da kai ka zaɓa. Idan mai mota ya nace sai garejin abokinsa, ka yi masa godiya ka kama gabanka.

Da an miƙo maka takardar, idonka zai tafi kan zanen motar da aka cika da alamomi. Kar wannan ya tayar maka da hankali. Rash (رش) fenti ne aka sake, samkara (سمكرة) aikin fanel bita, ma'ajun (معجون) kuma cikon da ake shafawa kafin fenti. Rafraf shi ne fenda, kabbut bonet, shanɗa but, saddam bamba. Motar da ta shekara bakwai ko takwas a cunkoson Jidda, da wuya ka samu ba a taɓa fesa mata ƙofa ko fenda ba. Waɗannan na ciniki ne, ka rage wa mai ita kuɗi da su. Inda zan so ka dakata shi ne idan fentin ya hau rufi ko ginshiƙan da ke riƙe da shi, don galibi mota ba ta buguwa a nan sai ta kife ko ta sha mummunan karo.

Ni daga layin shas (شاص) nake farawa, wato shasi. Idan aka rubuta salim, to lafiya lau. Idan ka ga madrub, ko ma'addal, ko malhum, ma'ana ya bugu, an miƙar da shi, ko an yi masa walda, nan ciniki ya ƙare a wurina ko da an ce rabin kuɗi. Irin wannan motar tana cin taya gefe guda, tana jan sitiyari, kuma ranar sayarwa za ka rasa mai taya ta.

Sai makina da gir, inji da giya. A nan akwai bambancin da ke da kuɗi a ciki: tandik ko tarshih ɗan naso ne na baƙin mai, wanda kusan kowace tsohuwar mota ke da shi, tahrib (تهريب) kuwa yoyo ne sosai. Ka sa bakaniken ya nuna maka wurin da yatsa tun motar tana ɗage, don yoyon murfin inji daban, na tsakanin inji da giya daban, wannan sai an sauke giya. Taudib (توضيب) na nufin an taɓa buɗe injin an sake masa ringi da sauransu. Ba lallai ya zama aibi ba, amma ka nemi rasit. Esi kuma, mukayyif, a zafin garin nan ba kayan ado ba ne, ka tabbatar an gwada shi motar tana tsaye.

Abu guda da ya shafi Jidda musamman: ruwa. Garin ya sha ambaliya a 2009, da 2011, da kuma Nuwamban 2022, motoci da yawa sun nutse. Kalmar ita ce garƙan (غرقان), sai dai ba kowane mai fahas ke rubuta ta ba. Ka ɗaga kafet da hannunka, ka leƙa ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, ka duba ramin safaya. Tsatsa ko busasshen taɓo a wuraren nan sun fi takardar faɗin gaskiya. Haka ma idan an rubuta warid Amriki, wato daga Amurka aka shigo da ita, sai ka ƙara bincike.

A tallan Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, za ka riƙa cin karo da "alash sharɗ". Mai mota ne ke cewa ya yarda a je fahas, in an ga saɓanin abin da ya faɗa ka fasa. To ka sa ya faɗi abin da sharaɗin ya ƙunsa, inji da giya da shasi ne kaɗai ko har da bodi, kuma ya rubuto maka a WhatsApp kafin ka ba da kafin alƙalami. Ka kuma sayi rahoton Mojaz, wato rahoton tarihin mota, da lambar shasi, ka gwada mamsha, wato kilomitar da ke kan mita, da abin da aka taɓa rubutawa a baya, ka ga haɗurran da aka yi wa rajista.

Duk wannan sai iƙamarka, wato katin izinin zama, da lasisinka na nan sun fito tukuna. Ba a mayar da mota sunanka a Absher, manhajar gwamnati, sai istimara, wato takardar rajistar mota, da fahas dauri suna da rai, ka yi inshora, kuma babu tarar da ba a biya ba. In ka samu wadda ta kwanta maka, ɗauki hoton takardar ka turo min kafin ka ce ka saya.