Tambaya da Amsa: Shirya Wasan Rawar Ɗalibai Kafin Kirsimeti

Wasiƙun wannan watan sun fito ne daga malamai da iyayen yara a makarantun koyon rawa na ikkilisiyoyi a birnin Kano, inda ake ta haramar wasan ƙarshen shekara. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Ina koyar da yara 28 rawa a wata makaranta da ke harabar majami'armu a Sabon Gari. Zauren da za mu yi wasan tayil ne, kuma tun da hunturu ya shigo yara suke ta zamewa. An ba ni shawarar in shimfiɗa kafet. Ko zai yi? Daga wata malamar rawa.

Amsa: Malama, kada ki shimfiɗa kafet. Kafet a kan tayil tafiya yake yi da mai rawa, in kuma an manne shi sai ya riƙe tafin ƙafa a lokacin da jiki ya riga ya juya, gwiwa ko idon sawu su ɗauki wahalar. Gara santsin da yaro ya san da shi a kan wannan.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su jawo miki zamewar. Na farko ƙurar hunturu, mai laushi kamar garin alkama, wadda ko an share da safe kafin azahar ta sake kwantawa. Na biyu safa. Na uku, wanda malamai da yawa ba sa lura da shi, man da iyaye suke lafta wa yara a ƙafa saboda kaushi da faso. Yaro ɗaya ya taka tayil da basilin a dunduniya, ya bar wa na bayansa tarko. Ki faɗa wa iyaye ƙarara cewa ranar gwaji da ranar wasa mai ya tsaya a ƙwauri, kada ya sauka tafin ƙafa. Ki ajiye jiƙaƙƙen tsumma a bakin fili, kowa ya goge ƙafa kafin ya shiga. A goge wurin da ruwa zalla, ba sabulu ba man goge tayil, minti 30 kafin a fara don ya bushe sarai.

Amma ko an kawar da santsi, tayil da siminti ba sa lotsawa, duk tsallen da yaro ya yi ƙashinsa ne yake karɓar dukan. In da hali, a sa kafinta ya haɗa dandamali. Filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu, kowane falle ƙafa 8 ne da ƙafa 4, saboda haka falle 12 zai ba ki fili mai tsawon ƙafa 24 da faɗin ƙafa 16. A jera katakon tu-bai-fo, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, a kwance a ƙarƙashi, tazarar inci 16 tsakaninsu, a sa guntayen robar silifa ko tsohon tub ɗin mota a ƙasansu don wurin ya ɗan yi laushi. Duk mahaɗar falle biyu dole ta hau kan katako, in ba haka ba baki ɗaya zai lotsa ɗayan ya tsaya ya ci yatsa. A ɗaure da ƙusa mai zare a nutsar da kanta, domin ƙusa ta guduma rawa tana zaro ta a hankali. A bi gefuna da samfefa, sannan ki cire takalmi ki zaga ko'ina da ƙafarki kafin ki yarda yaro ya hau. Za a samu kayan a 'Yan Katako da ke Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, kuma in an adana su inda ba laima za su yi shekaru.

Ki ba kowane mai rawa wuri mai kimanin ƙafa 5 a tsawo da ƙafa 5 a faɗi. Wannan fili zai ɗauki yara 12 a sake. Su 28 ɗin sai a rawar rufewa, ita ma ta taku da tafi, ba juyi. In kuɗin katako bai samu ba, a yi a kan tayil ɗin ƙafa ba takalmi, ki cire tsalle da juyi mai sauri daga rawar. Ba wanda zai tashi daga zauren yana cigiyar tsallen da bai gani ba.

Tambaya: An ɗora mini kula da wuta da sauti. Bara a tsakiyar rawa aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta yara sun rikice. Me zan yi bana? Daga wani dattijon ikkilisiya, Nomansland.

Amsa: Baba, a hau janareta tun kafin a buɗe da addu'a, ko da akwai wuta, kuma a zauna a kansa har a tashi. Lasifika biyu, mikisa (na'urar haɗa sauti) da fitilun LED takwas ba za su gagari janareta mai kVA 5 ba, muddin ba a haɗa masa dutsen guga ko abin dafa ruwa ba. Irin wannan yakan sha kusan lita 2 a awa, don haka a cika tanki tun da wuri, kada a ƙara mai yana aiki. A kai shi waje, nesa da taga da ƙofa, hayaƙin ya fuskanci wani gefe, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri.

Waƙoƙin a sauke su a jera su bi da bi, a kan waya ɗaya da filashi ɗaya. A kashe layin wayar gaba ɗaya, don kira ɗaya ya isa ya katse rawa, kuma a haɗa ta da mikisa ta kebul, kada a dogara da Bluetooth. A juya ƙaramar lasifika ɗaya ta kalli masu rawa. In manyan suna kallon jama'a, abin da yara suke ji amsa-kuwwar bangon baya ce, wadda take iso musu a makare, sai a ga ƙafa tana bin kiɗa a baya alhali ba laifinsu.

Shawarar da muka fi ƙarfafawa ita ce a roƙi 'yan Zumuntar Mata biyu ko uku su zauna a gefe da ganga da tulun kiɗa. A gwada da su sau biyu, a kashe sauti da gangan ana tsakiyar rawa, su ɗauka daga inda ya tsaya. Yaran da suka saba da haka ba sa daskarewa. A tuna fatar ganga tana ɗamewa a bushewar hunturu, muryarta ta yi sama, don haka a daidaita ta a ranar.

Tambaya: Ni ce nake tara kuɗin anko na yaran. Turmi nawa zan saya, kuma wane ɗinki ya dace? Daga wata uwa, Badawa.

Amsa: Mama, turmin atamfa yadi 6 ne. Ga 'yan ƙasa da shekara goma, turmi ɗaya yakan fitar da riga da siket na yara biyu, manyan 'yan mata kuwa kowacce ki ware mata yadi 4 zuwa 5 saboda siket mai faɗi. Ki sayi duka a shiga ɗaya a Kantin Kwari, ki ƙara turmi guda, domin in kin koma bayan mako biyu ba lallai ki sake samun launin ba. Ki kai wa tela kafin Disamba ta kama, ki kuma ba shi ranar karɓa kwana goma kafin wasa.

Zani na ɗaurawa ba ya jure rawa. A ɗinke shi siket da roba a ƙugu, tsawonsa ya tsaya yatsu huɗu sama da idon sawu, a sa dogon wando a ciki. Yarinya ta ɗaga hannu biyu sama a gaban tela, in cibiya ta fito a ƙara tsawon rigar. Ɗankwali a ɗinke shi kamar hula, don fil yana tsire kai. Wannan kula ita take kwantar da hankalin dattawan da ba su sake da rawa a harabar majami'a ba. Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ja mata rawa bayan ƙetare Bahar Maliya (Fitowa 15:20), Dawuda ma ya yi rawa a gaban Ubangiji (2 Sama'ila 6:14), amma abin da dattijo zai fara dubawa shi ne shigar jikarsa.

Tambaya: Wasanninmu sukan ja har dare, ƙananan yara su yi barci. Yaya za mu tsara? Daga wani malamin makarantar Lahadi.

Amsa: Malam, rawar ba ita take cinye lokaci ba, tsakanin rawa da rawa ne. 'Yan shekara 4 zuwa 6 minti biyu ya ishe su, 'yan 7 zuwa 11 minti uku, matasa huɗu zuwa biyar. Rawa goma ba za ta wuce minti 40 ba. Da addu'a da gajeren jawabin fasto da karatun aya a tsakani, a tashi cikin awa ɗaya da kwata. Ƙananan su fito a rawa ta biyu, kafin yunwa da rigima. Duk wanda zai sauya kaya a bar masa rawa biyu a tsakani. A manna salatif a ƙasa inda kowa zai tsaya, a kuma yi cikakken gwaji ɗaya da kaya da janareta, wani yana riƙe da agogo.

A Disamba rana tana faɗuwa a Kano wajen shida da 'yan mintuna. In aka fara ƙarfe huɗu da kwata, an wuce kiran la'asar na maƙwabta, za a kuma gama kafin magariba, iyaye su samu adaidaita sahu da ido. In ranar ta faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata, a kwaso kujeru da kayan sauti tun daren Juma'a, saboda tsaftar muhalli tana tsayar da zirga-zirga da safe. A bayan fage a sa babba ɗaya ga kowane yara takwas, da jakar fiya-wata biyu, kuma a ba kowane iyaye kati mai lamba, ba a sakin yaro sai ga wanda ya nuna katin.