Amsa kan sauya wa bakin tankin Hilux wuri

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam, na saurari saƙonka. Ka ce an cire bodin bayan Hilux ɗinka an yi mata shimfiɗar ɗaukar kaya, aka mayar da bakin tanki ƙasa da shimfiɗar, yanzu in ka je gidan mai famfo sai ya riƙa katsewa, mai yana dawowa waje. To, tankin lafiya yake, aikin bututun ne ba a yi daidai ba.

Ka ga famfon gidan mai yana turo wajen lita 35 zuwa 40 a minti ɗaya. Dole man nan ya samu gangara tun daga baki har cikin tanki, kada bututun ya kwanta ko ya yi ciki a tsakiya. In ya yi ciki, mai zai taru a wurin, ya taso ya taɓa kan famfo, shi kuma famfo ya ɗauka tanki ya cika sai ya katse. Saboda haka a ɗaga bakin sama iya yadda shimfiɗar ta bari, ko da za a yanka gefenta a yi masa ɗan akwati.

Amma abin da na fi zargi shi ne ƙaramin bututun numfashi. Duba da kyau, kusa da babban akwai siriri da ya fito daga saman tanki ya haɗu da wuyan can kusa da murfi. Ta nan iska ke fita idan mai yana shiga. Masu walda da yawa sukan lanƙwashe shi, wasu ma su toshe shi da ƙusa wai ba shi da amfani. Wallahi shi ne rabin aikin. A bar shi a saman babban, yana hawa, ba lotsawa, don in mai ya kwanta a cikinsa ya toshe kenan.

Sai tiyo. Don Allah kada a sa na lagireto, na ruwa ne, fetur zai kumbura shi ya yi laushi ya fara yoyo. Nemi wanda aka rubuta na mai ne a jikinsa, ka auna bakin tankinka kafin ka saya, yawanci tsakanin inci 1 da rabi ne zuwa inci 2. Inda tazarar ta yi tsawo a sa bututun ƙarfe, a ɗan tayar masa da leɓe don kada tiyo ya zame, kowace mahaɗa kilif biyu. In motar ta gas ce, wato dizal, ban da bututun ruwa mai rufin zinki, gas yana cin rufin ya ɓata maka injekta. Kuma kada a yi shi ƙarfe zalla, bodi da shasi ba tare suke motsi ba, a bar guntun roba a tsakani.

Wuyan ƙarfen nan kuma a ɗaura masa waya zuwa shasi. Da hunturu, iska ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa. A nisanta shi daga salansa da inda taya ke watso duwatsu.

Maganar walda, Malam, ina roƙonka: a cire kan batir, a sauke tankin gaba ɗaya a kai shi nesa kafin a kunna wuta. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke fashewa.

Murfin asali za ka mayar, yana da bawul a ciki. In an gama, zuba jarka ɗaya ta lita 25 mota a kashe, ka bi mahaɗa ɗaya-ɗaya da farin ƙyalle. Ka turo mana hoton ƙasan shimfiɗar daga ɓangaren tankin, mu ga yadda siririn ya bi.